Tsumma da Gawayi

Ni 'Yardada, duk wanda ya san hula a cikin birnin Kano ya san hannuna. Ba yabon kai ba ne, je ka Kurmi ka tambaya. Matan wasu unguwanni sai sun aika da ƙyalle wurin maza masu zane an zana musu da biro kafin su sa allura. Matan lungunmu kuwa, nan bayan Ƙofar Ɗan Agundi, wurina suke kawowa. Gida ashirin da wani abu da zanena suke ɗinki, kuma ba a yin sati biyu ban fito da sabo ba. In an tambaye ni inda nake samowa, sai in nuna kaina da yatsa in ce baiwa ce, ba a saye a kasuwa.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat a duniya, mutanen soro.

Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo yake yi a soron gidanmu. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Mutum ne mai kwashe-kwashe. Duk wanda gari ya rasa inda zai ajiye shi, Malam zai shimfiɗa masa tabarma. Da ya rasu ya bar min gida, da matattun rediyoyi goma sha uku da ba wanda ya zo karɓa, da majalisar nan tasa da ta ƙi watsewa shekara shida bayan an yi sadakar arba'in.

Babbansu Muttaka, mai fentin allunan shaguna da bayan manyan motoci, in ya ga dama ke nan, kuma ba kasafai yake ganin damar ba. Ya haura arba'in, gemu ba taza, riga duk ɗigon fenti. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yana zaune ana hira zai zari gawayi daga murhun Tani mai waina da ke ƙofar gida, ya hau zane a farin bangon da ke dab da ƙofar shiga cikin gida. Sai Ashafa, wanda ya ajiye aikin koyarwa wai zai rubuta wasan kwaikwayo, bakinsa ba ya rufuwa sai in zai sha ruwa. Sai Maharazu mai gurmi, da zai kama kiɗa ɗaya tun hantsi har azahar yana cewa bai zauna ba tukuna. Su ukun nan su ne ginshiƙai. A kansu kuma ake ta taruwa: samari masu son yin fim ɗin bidiyo, ɗaliban jami'a masu gardamar da ba ta ƙarewa, mai hoto, har da wani mai sayar da littattafan soyayya a bayan keke.

Kullum da safe, gari na yin haske, ni ce da shara. Ɓawon gyaɗa, tukar rake, takardun Ashafa da ya cukuikuye ya zubar. Sannan in ɗauko jiƙaƙƙen tsumma in fuskanci bango. Shi gawayi a kan farar ƙasa, in ka goge shi da faɗi dama shi kawai za ka yi, bango ya koma kamar bayan tukunya. Dole sai ka naɗe tsumma a yatsa ka bi layin ɗaya bayan ɗaya, inda ya lanƙwasa ka lanƙwasa. Ga shi ɗan banzan nan danna gawayin yake yi da gangan, sai na bi kowane layi sau biyu kafin ya fita. Ina yi ina tsine wa zaman kashe wando, in gama, in sha kokona, in ɗauko ƙyalle da biro. Nan take zane zai sauko min.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, kasuwar hula ta buɗe irin buɗewar da ban taɓa gani ba. Duk wanda ke neman kujera, daga kansila har sama, sai babbar riga da hula, kuma ba ya son a gan shi da ta jiya. Alhaji Isiyaku, dillalin da ke kwasar hulunanmu ya kai Kurmi, da ranar Alhamis kawai yake zuwa, ya koma zuwa sau uku a sati. Hula ba ta tafiya sai da suna, sunan ma ni nake sa wa. Na yi "Soja koma bariki", na yi "A sake ƙirga", na yi "Alkawarin famfo" wadda aka yi ta rububinta har daga Katsina. In aka yi biki sai ka ji makaɗa suna ambaton sunayen a waƙa, ban kuma taɓa tambayar kaina wa ya kai musu ba.

Ana cikin haka Abdulbaqi ɗan yayana ya fito takarar kansila. Ya zo ya durƙusa yana neman albarka, da ƙuri'un matan lungu, don ya san in na ce su fito za su fito. Na ce albarka kyauta ce, ƙuri'a kuwa da sharaɗi: in ya hau, ya kwashe min tarkacen nan na soro. Har da tafa hannu ya yi. Ya ce ai dama yana cikin manufofinsa, unguwa ba ta ci gaba da mutanen da ba su da shago ba su da ofis, sai surutu da kiɗa. Ya ce zai mayar da soron ofishin mazaɓa, a sa fanka, a riƙa tsara ci gaba a ciki.

Ya ci. Farkon damina aka rantsar da su, sati bai zagayo ba ya iso da masu fenti biyu da galan-galan na fentin mai, shuɗi mai ƙyalli. Na tsaya a bakin ƙofa na gyara ɗaurin zane ina jiran rigima, don na tanadi maganganu tun shekara shida. Abin haushi, ba wanda ya tanka. Maharazu ya rataya gurminsa, Ashafa ya tattara takardu yana ce wa Abdulbaqi ranka ya daɗe har sau uku, irin faɗin da ya fi zagi ciwo. Muttaka ne ya fita a ƙarshe. Ya kalli bangon, ya kalle ni, ya ce Allah ya bar zumunci Gwaggo, ya sa kai.

Satin farko har ƙiba na yi. Ba shara, ba goge bango, ba gurmi. In sha koko in miƙe ƙafa, in ce ashe haka masu gida suke ji.

Sati na biyu na ɗauko ƙyalle da biro, na zauna. Shiru. Na ce biron ne, na aika aka sayo wani. Shiru. Na zana wani abu, da na ɗaga na duba sai na ga "A sake ƙirga" ce na juya ta ƙasa ta koma sama. Na ce idona ne, na je aka gwada ni aka ba ni tabarau, na dawo ina ganin ƙyallen tar, fari fat ba komai a kai. Na sha rubutu kwana bakwai. Har na fara zargin wata maƙwabciyata da ta taɓa cewa hannuna kamar inji, na daina amsa gaisuwarta, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba.

Wata guda ana maimaita tsofaffin zane. Ran nan Alhaji Isiyaku ya yi sallama, ya zauna a kan bencin ofishin Abdulbaqi, ya kwance ƙunshi ya tura min ta bakin ƙofa. Hulunanmu ne suka dawo, abin da ba a taɓa yi min ba tunda na fara riƙe allura. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai kasuwa ce sai a hankali, daga baya ya fito fili ya ce manyan sun ce duk sun sa waɗannan, har an ɗauke su hoto da su. Ya ce ko jikin ne, Hajiya? Na ce jikina garau. Da ya tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka na gaske, don hular nan ita ce sunana, in ba ita ba ni tsohuwa ce kawai mai faɗa.

Matan lungu suka fara aika ƙyallensu wata unguwa a ɓoye, suna haɗuwa da ni suna sunkuyar da kai. Lungun kansa ya mutu. Tani ta ɗauke tandarta, ta ce wa za ta sayar wa, awaki? Mai shayin kan kwana ya bi ta. Mai hoto ya rufe, mai keken littattafai ya daina biyowa, telan da ke ɗinka wa 'yan fim kaya ya koma zaman gyangyaɗi a kan kekensa. Shi kuwa mai girma kansila yana zaune a ofis shi da fanka da kalanda mai hotonsa. Da abin ya dame shi sai ya kafa kwamiti na mutum biyar su binciko dalilin mutuwar kasuwanci a lungu. Suka yi zama uku, suka cinye min kwanon ɗanwake uku, suka gano cewa rashin allon sanarwa ne a bakin titi. Aka tashi neman wanda zai rubuta allon, aka rasa, don duk unguwar mutum ɗaya ne ya iya, an kuma kore shi.

Ruwan Agusta ya karya min indararo, na rasa wanda zan aika, na yafa mayafi na hau motar hayis zuwa Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da ƙarafa da kayan gini. Ina ratsa layin masu walda ina toshe kunne, sai na yi turus. Wata ƙofar ƙarfe ce jingine da bango, sabuwa, an yi mata ado. Layi biyu suka taso suka sarƙe, suka rabu, suka zagaye wani ɗan ido, suka sake haɗuwa. Ban taɓa ganin zanen ba, amma na san shi kamar yadda uwa ke sanin tafiyar ɗanta daga nesa. Hannuna ne. Irin abin da wata biyu nake zaune ina jira ya sauko min ne, ga shi a jikin ƙarfe. Na duba gaba, ga wata, ga wata, layin gaba ɗaya, mutane sun yi cincirindo suna taya.

Na kutsa cikin mutanen. Na tambayi mai waldar wa ya ba shi zanen nan, ya nuna min bayan rumfa da kan sandar waldarsa. Tun kafin in ƙarasa ƙanshin wainar Tani ya tare ni, sannan gurmi, kiɗan nan dai da har yau bai zauna ba. Suna nan dukansu, har sun ƙaru, ga mai shayi, ga mai hoto ya kafa labulensa. Ashafa na tsaye yana ba da labari, ya gan ni maganar ta maƙale. Muttaka ya miƙe zai gaishe ni, na ce ya riƙe gaisuwarsa.

"Ashe bayan zaman banza har sata kake yi? Zanen da ke jikin ƙofofin can hannuna ne. Shekara nawa kana leƙen hulunana?"

Wani ɗalibi ya fashe da dariya, Ashafa ya taka masa ƙafa. Muttaka ya duƙa. Ya jawo wani farin katako, ya zari gawayi a murhun Tani, ya yi ta ja yana dannawa, kafin a soya waina uku ya cika shi. Sannan ya tsoma tsumma a ruwan wanke kofunan mai shayi, ya miƙo min da hannu biyu.

"Gwaggo, goge min wannan."

Don haushi na karɓa. Na ce ko a lahira aka ba ni aikin nan na iya shi. Na naɗe tsumma a yatsa na bi layi, ina bi ina faɗa, inda ya lanƙwasa na lanƙwasa, na koma na sake bi don ya danna kamar yadda ya saba. Ina gamawa ya yago takardar buhun siminti ya ɗora min a cinya, ya sa min biro a hannu. Ban yi niyya ba, wallahi. Hannun ne ya tafi da kansa. Kafin in ankara zanen hula ya fito cif, sabo fil, irin wanda Alhaji Isiyaku zai yi wa rantsuwa.

Na zauna a kan benci ba wanda ya ce in zauna. Maharazu ya dafe tsirkiyar gurminsa.

Muttaka ya tsuguna a gabana ya yi ƙasa da murya. Ya ce Malam ne ya fara lura, tun shekarar da aka shafa wa soron farar ƙasa. Ya ga duk ranar da na goge bango, da hantsi zanen zai fito a ƙyalle. Shi ya ce masa ya bar zane a can sama, ya dawo da shi dab da ƙofa daidai tsayina, ya riƙa dannawa don in bi sau biyu. Sunayen hula kuwa, Ashafa ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya san in ya ɗaga murya ta wajen tagar tsakar gida, ba a kwana uku sai ya ji maganarsa ta zama sunan hula a kan wani ɗan siyasa. Maharazu kuma shi ke kai wa makaɗan biki.

Na ce to don me ba wanda ya gaya min, aka bar ni ina nuna kaina da yatsa a gaban mutane?

"Malam ya ce kada a gaya miki. Ya ce in kin sani za ki daina, don zuciya. Kuma ya ce ba kwafa kike yi ba. Ni a shimfiɗe nake ja, ban san yadda layi zai zagaye kan mutum ya dawo ya haɗu ba. Ke kike haɗa shi. Ko rashin lafiyarsa ta ƙarshe sai da ya ce min, Muttaka, ko ta kore ku kada ka bar mata bangon nan fari."

Kunya ta kama ni, ga kewar Malam ta taso min ɗanya kamar jiya aka fita da shi. Shekara shida ina cewa ya bar min tarkace, ashe abincina ya bar min a soro, ni kuma na sa aka yi masa fentin mai. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ja mayafi na rufe fuska, Tani ta turo min waina a ganye, na ci, don kuka ba ya hana yunwa.

Ba na iya roƙo, ban koya ba. Abin da na iya cewa shi ne soron nan dai ban ji an ce an sayar ba. Ashafa ya ce ai yanzu ofishin gwamnati ne, su kuwa ba su da shago ba su da ofis. Na ce ya kiyaye ni. Muttaka ya yi murmushi ya nuna min bangon rumfar. Ko'ina zane, an bi an rufe da leda an buga ƙusa. Ya ce masu walda mutanen kirki ne, amma ba sa bari a taɓa ko layi ɗaya, bango ya cika, sati uku ke nan yana zana abu ɗaya a ƙasa yana shafewa da ƙafa. Ya ce shi in bai tarar da bango fari da safe ba kansa ba ya kawo komai. Za su dawo, ranar Talata kawai zai riƙa leƙo masu walda, amma da sharaɗi: in ci gaba da gogewa, kuma kada in rage faɗan, don da shi suke sanin gari ya waye.

Na manta da indararon, sai da na isa gida na tuna. Na tarar da Abdulbaqi a ofis yana gyangyaɗi, na ce gobe ya nemo masu kankare fenti. Ya zabura ya ce Gwaggo ai alkawarin zaɓe ne, ba a warware shi. Na ce wa aka yi wa alkawarin? Ni ce mai ƙuri'ar, na janye. Ya ce mutuncinsa fa, me zai ce wa jama'a? Na ce shi da ke da kwamiti.

Ai kuwa ɗan siyasa ba ya rasa mafita. Kwana huɗu ana kankara, aka sake shafa farar ƙasa, ranar Asabar sai ga shi da 'yan rakiya da zare ja an ɗaura a ƙofar soro. Ya yi jawabi ya ce bayan dogon nazari ya samar wa mazaɓarsa cibiyar raya fasaha, ta farko a tarihin unguwar. Ya yanka zare da almakashina, aka tafa. Mutanen da ya kora suka shiga suka zauna kowa a inda ya saba, Ashafa ya ce masa ranka ya daɗe sau ɗaya tak. Fankar ma ya bar musu. Kafin la'asar Tani ta kafa tanda, mai shayi ya dawo da teburinsa, ɓawon gyaɗa ya fara taruwa.

Washegari gari na yin haske na fito da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma, na fara faɗa tun daga tsakar gida don kada a ce na saɓa sharaɗi. Na ɗaga ido na kalli bango, faɗan ya tsaya. Muttaka ya zana ƙananan ramuka jere-jere irin na fuskar tsohuwar rediyon da Malam ke ajiyewa kusa da gwiwarsa, layi ya ratsa su ya zagaye da'ira biyu, tabaransa ke nan da ke zamewa kan hanci in yana aiki. Wani ba zai ga komai ba sai ado. Na daɗe a tsaye tsumma na ɗiga a ƙafata. Raina ya ce in bar wannan, ko na kwana ɗaya.

Na naɗe tsumman a yatsa na bi shi a hankali, sau biyu, har bangon ya koma fari.

Hular ta ɗauke ni kwana goma sha tara. Ban jira Ashafa ya ɗaga murya ta taga ba, wannan karon da kaina na sa suna, "Malam ya ce". Matan lungu sun ɗinka ta ba adadi, har yau ana nemanta a Kurmi. Ta farkon kuwa Alhaji Isiyaku ya yi naci har ya gaji, Abdulbaqi ma ya zo da 'yar muryarsa wai zai sa ranar taron majalisa, na ce ya nemi wata. Tana nan a ɗakina, na kifa ta a kan rediyon Malam.